Darasi na Tara: Makamashi Mai Tsafta, Daga Farantin Sola Zuwa Murhun Tsakar Gida

A ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban Najeriya, Bola Ahmed Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, kuma ba ta tsaya nan ba. Ba masu mota kaɗai suka ji a jikinsu ba. Mai ban-ruwa a fadama ya ji, mai injin markaɗe ya ji, haka mai aski da mai walda da mai sayar da ƙanƙara, domin dukansu da ɗan inji suke neman abinci. Wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Nijar, Najeriya ta yanke wutar da take ba ta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga nan yake zuwa. Aka shiga ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Tun daga wannan shekara, wanda ya ɗaga kai a kasuwannin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai ga baƙaƙen farantai a rufin shaguna, abin da a da sai a asibiti ko gidan mai hali. Da wuya a sami wanda ya sayi nasa don ya ji labarin sauyin yanayi a rediyo. Tsadar mai ce ta koro shi, kuma wannan ba abin zargi ba ne. Hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi daga man da muka saya da kuɗinmu yake fita, ko daga itacen da muka sara, kuma ta ƙirjinmu yake fara bi kafin ya hau sama. A wannan darasi za mu koyi yadda ake lissafin kowace irin wuta: me take ci, nawa take ci a shekara, kuma wa zai gyara ta idan ta lalace.

Yadda hayaƙi ke ɗumama duniya

Rana tana aiko da haske, ƙasa ta sha ta yi zafi, sannan ta mayar da zafin sama. A sararin sama akwai wasu iskoki da ke tare wani kaso na wannan zafi su hana shi ficewa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jikin mai barci. Da babu su, da duniya ta daskare. Matsalar ita ce ana ta ƙara musu yawa. Babbar cikinsu ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona kwal, fetur, dizal, gas ko itace. Ba a ganinta, ba ta da wari. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na wannan iska, litar dizal kuwa kusan kilo 2.7. Wani zai ce, ta yaya litar da ba ta kai kilo ɗaya ba za ta haifi fiye da kilo biyu? Saboda wuta tana haɗa abin da ke cikin man da iskar da muke shaƙa, nauyin biyun ya taru. Akwai kuma iskar mitan, wadda ke tashi daga bola, daga gonar shinkafa mai kwanciyar ruwa, daga tumbin shanu, da kuma bututun gas masu yoyo.

Kafin a fara kafa masana'antu masu ƙona kwal a Turai, a cikin kowane kaso miliyan na iskar duniya kaso 280 ne na kabon. Yau ya haura 420. Matsakaicin zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da aka taɓa aunawa kafin ita. Mutumin Nguru ko Agadas zai ce digiri ɗaya ai ba komai ba ne, tunda tsakanin asuba da azahar ana samun bambancin da ya fi haka nesa. Amma wannan matsakaici ne na duniya gaba ɗaya, har da teku da ƙasashen ƙanƙara. A ƙasa, yana zuwa ne a matsayin ranakun bazara da jiki ba ya iya ɗauka, irin na Afrilun 2024 da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Yana zuwa kuma ta ruwan sama, domin iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, sai ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin makonni ya zubo a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, kuma a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Sai dai kada a ɗora wa sauyin yanayi komai. Gini a kan hanyar ruwa, cushe magudana da leda, da barin madatsa ba gyara, waɗannan aikin hannunmu ne.

Wa ya cika sama da wannan iska? Ba mu ba ne. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da ke fita daga ƙona mai da kwal a duniya. Amurka da Turai su suka tara mafi yawan tsohuwar, Sin kuma ita ke kan gaba a yau. A birnin Paris a 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin tsayar da ƙaruwar zafi ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. A taron Glasgow na 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce nan da 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da ake shanyewa. Don haka babu wanda ya isa ya ce wa ƙauyen da bai taɓa ganin ƙwan lantarki ba ya zauna a duhu don ceton duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, kuma abin da ake rabawa a layin ƙasa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane sama da miliyan 200. Wuta muke nema ƙari. Tambayar ita ce wace iri.

Rana

Neman wuta daga rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, kuma Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar tun daga 1969, inda suka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki masu aiki da rana. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Ilimin yana nan, tsada ce ta hana shi shiga gidaje. Abin da ya sauya shi ne farashi: tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibi saboda masana'antun Sin. Daga nan manyan tashoshi suka tashi: Benban kusa da Aswan a Masar mai wajen megawat 1,650, Nur a Warzazat ta Maroko mai 580. Namu ƙanana ne tukuna. Malbaza tana da megawat 7 tun 2018, Goru Banda kusa da Yamai 30 tun 2023, Jami'ar Bayero 7.1 tun 2019, sai 10 a Kumbotso ta Kano.

Kayan solar gida huɗu ne. Faranti yana mayar da haske lantarki. Haske yake so, ba zafi ba, har ma ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi zafi sosai, shi ya sa ake barin sarari tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Batir yana ajiye wutar don dare. Kwantirola tana tsakaninsu, tana hana batir cika fiye da ƙima ko ƙarewa ƙarƙaf. Inbata kuma tana mayar da wutar batir irin wadda talabijin da firji ke sha.

Mafi yawan masu kukan sola ta yaudare su, ba su yi lissafi ba kafin su saya. Ku saurari irin cinikin da ake yi a shago:

"Alhaji, wannan batirin zai ɗauki fanka da talabijin?"

"Haba Malam, har dutsen guga zai ɗauka. Kai dai kawo kuɗi."

To bari mu gani. A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da harafin W, wato wat, ita ke nuna yawan shansa. Ana ninka wat da awannin aiki. A ce gida yana da ƙwai 4 masu wat 5, suna ci awa 5: 4 sau 5 sau 5, ya ba da 100. Fanka mai wat 30 awa 8, 240 ke nan. Talabijin mai wat 40 awa 4, 160. Cajin waya uku, a ba su 30. Jimla 530. A ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku saboda abin da ke salwanta a waya da batir, ya zama 700. A yankinmu ana ƙirga awa 5 na cikakkiyar rana a yini, don ba a lissafa sanyin safiya da na yamma. A raba 700 gida 5, a sami 140. Ke nan faranti mai wat 150 ya isa wannan gida. Batir mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana riƙe 12 sau 100, wato 1,200, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ake sha, wato 600, in ba haka ba ya mutu da wuri. Shi ma ya isa, da ƙyar.

Yanzu a kawo dutsen gugar Alhaji. Wat 1,000 yake sha. Guga ta awa ɗaya ta cinye kusan ninki biyu na abin da gidan duka ke sha a yini. Duk abin da aikinsa kawo zafi ne, dutsen guga, hita, rishon lantarki, ba na ƙaramar sola ba ne. Haka kuma tsohon ƙwai mai wat 60 yana shan abin da sababbi 12 masu wat 5 ke sha, don haka sauya ƙwai ya riga sayen faranti.

Bayan saye sai kulawa. A nan arewacin Najeriya da Nijar faranti kudu yake fuskanta, a ɗan karkace shi don ruwa da ƙura su zube. Inuwar reshe ɗaya ko ta eriya a gefensa tana rage wutar fiye da yadda ido zai zata. Babban abokin gabarsa ƙurar hunturu: a goge shi da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba da soso mai kaushi ba. Faranti mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Batir ne ragon cikinsu. Na dalma shekara biyu zuwa huɗu ne idan an lallaɓa shi, kuma zafin ɗaki yana rage masa kwana. Na litiyam ya fi tsada, ya fi daɗewa, ana kuma iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa. Kasuwa cike take da farantan da aka rubuta wa wat 300 alhali ba su kai ba, da tsofaffin batura da aka wanke aka sake wa fenti. Araha ba ta ado. A sa mai shago ya auna a rana a gaban mai saye, a kuma karɓi takardar garanti.

Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne, kuma ba a fasa shi a tsakar gida don a narka dalmar. Mun ga abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, inda ƙurarta daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Ta batir ma ita ce dai. A mayar wa dillali ya kai inda ake sarrafa shi.

Ban-ruwa

Inda sola ta fi saurin biyan kanta shi ne gonar rani, domin famfon ban-ruwa ba ya buƙatar batir. Rana ta fito ya fara zuba, ta faɗi ya tsaya, kuma lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. A ce injin manomi yana shan lita 4 a kowace ranar ban-ruwa, sau uku a mako, tsawon mako 16. Lita 192 ke nan. Idan muka ɗauka lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, naira 192,000 ta tafi a noma ɗaya, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki. Iskar kabon da ya saki kuwa ta kai kilo 440. Manomi ya tambayi farashin famfon sola a kasuwarsu, ya raba da wannan adadi, zai ga noma nawa zai yi kafin famfon ya fanshi kansa.

Famfon sola yana da halinsa. Ba ya feso ruwa da ƙarfin injin fetur, don haka da hantsi ake farawa, ba a jira la'asar. Ranar hazo mai kauri yana yin sanyi. Ɓarayi suna son faranti, shi ya sa wasu ke ɗaura nasu a kan amalanke su koma da shi gida da yamma. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: tunda ba a sayen mai, sai mutum ya bar famfo yana zuba yini guda. Ruwan ƙarƙashin fadama yana da iyaka. Idan kowa ya yi haka, rijiyoyin maƙwabta ne za su fara ƙafewa.

Murhu

Ana yawan maganar lantarki saboda maza ne ke zama a taro. Amma a mafi yawan gidajenmu, wutar da ta fi kowace cin makamashi ita ce ta girki. Murhun duwatsu uku yana kai kashi 10 zuwa 15 ne kawai cikin ɗari na zafin itace ga tukunya. Sauran iska ta kwashe. Ku tsaya a ɗakin girki da damina, itace ɗanye, uwargida ta durƙusa tana hura wuta, idonta na hawaye, yaro a goye a bayanta kansa daidai inda hayaƙin ke taruwa. Ku dubi baƙin da ya manne a bango da rufin ɗakin. Irinsa ne ke shiga huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar jiki, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙi a gida, amma hayaƙinsa a daji aka baro shi. A ramin gawayi na gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya. Duk buhun da ke kan tirela zuwa birni, ku ninka shi haka a ranku. A nan ma kada a manta: gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ko janareta a cikin shago ko baranda, suna fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Gyaran farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Murhun da aka gina da laka ya rungume tukunya, da ƙofa ɗaya ta sa itace da ɗan sarari na fitar hayaƙi, yana tsare wutar a ƙarƙashin tukunya. A Nijar tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeran gari ke bugawa. Murhu irin wannan idan an yi shi daidai da girman tukunyar yana iya rage itace da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Idan bai dace da tukunyar ba, ko yana rawa lokacin tuƙin tuwo, to uwargida za ta jingine shi ta koma kan duwatsunta, kuma ita ke da gaskiya. Murhuna da yawa da aka raba kyauta sun ƙare a bayan ɗaki saboda wanda ya zana su bai taɓa riƙe muciya ba.

Sai ƙananan dabaru da mata da yawa suka sani: busasshen itace da aka faskara ƙanana, murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun dare, kashe ragowar itace da yashi maimakon barinsa ya cinye. Akwai kuma kwandon girki. A sami kwando mai zurfi, a shimfiɗa masa tsummoki ko auduga ko ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, a ɗinka matashin da zai rufe sama. Shinkafa ta tafasa minti biyar a wuta, a sauke da murfinta, a cusa cikin kwandon a danne da matashi. Zafin da ke cikinta zai ƙarasa dafa ta. Wake sai ya daɗe yana tafasa kafin a sa shi.

Gas na girki daga ƙarƙashin ƙasa yake, ɗan'uwan fetur ne, kuma yana fitar da iskar kabon. Duk da haka ba shi da baƙin hayaƙi, kuma ba a sare bishiya dominsa, don haka ga mai iko ya fi itace da gawayi nesa ba kusa ba. Abin takaici, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas, amma tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a banza a bakin rijiyoyin mai, yayin da matan karkara ke yawon neman kara. A Nijar matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana samar da shi. Mai tukunyar gas ya ajiye ta inda iska ke shiga, ya gwada tiyo da ruwan sabulu: in ya ga kumfa na tashi, akwai yoyo. Ana kuma samun gas daga kashin shanu da aka dama da ruwa aka rufe a tanki, ragowar ta zama taki. Wannan yana son ruwa kullum da shanun da ke ɗaure wuri ɗaya, don haka ya fi dacewa da mayanka da gidan kiwo da makarantar kwana.

Itace kansa ba laifi ba ne idan ana mayar da abin da aka sara, domin bishiya mai girma tana shanye iskar kabon. Manoman Maraɗi sun nuna haka tun tsakiyar shekarun 1980 da sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Da haka bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa su ba. Gawo ya ba gona taki, rassan da aka datse suka shiga murhu.

Ruwa da iska

Tsohuwar wutarmu mai tsafta ta ruwa ce. Kainji ta fara aiki a 1968, Jebba da Shiroro suka biyo, sai Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Nijar ta fara gina Kandaji a kan kogin Kwara. Madatsa ba ta hayaƙi, amma tana da nata kuɗin: tafkin Kainji ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane sama da 40,000, kuma kowace madatsa tana sauya rayuwar masunta da manoman fadama da ke ƙasa da ita. Iska kuwa tana aiki inda take kaɗawa da ƙarfi kullum, kamar a tashar tafkin Turkana a Kenya mai megawat 310. Tashar Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37 da megawat 10, ta shafe sama da shekara goma ana aikinta. Ga gida ko ƙauye a yankinmu, rana ta fi iska tabbas.

Akwai kuma sanyin da ba ya cin wuta ko kaɗan. Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, tumatir da yalo su ƙara kwanaki. Da rani take aiki sosai, da damina ƙarfinta ya ragu.

Kuɗin farko da mai gyara

Fetur da itace ana sayensu kaɗan-kaɗan kullum, sola kuwa kuɗinta a dunƙule ake biya tun farko. Wannan shi ke hana talaka, ko da lissafi ya nuna masa riba. Hanyoyin da ake bi su ne adashi, sayen famfo ɗaya a ƙungiyar manoma ana karɓa-karɓa, ko kamfanonin da ke ba da kaya a riƙa biya wata-wata ta waya. Mai shiga irin wannan ya tara jimlar abin da zai biya har ƙarshe, ya tambayi abin da zai faru idan ya makara wata ɗaya, domin wasu kayan daga nesa ake kashe su. Akwai kuma ƙaramar tashar gari, inda kamfani ke kafa farantai da batura wuri ɗaya ya ja waya zuwa gidaje da shaguna da mita. Hukumar samar da lantarki a karkara ta Najeriya tana tallafa wa irin wannan. Tashar takan tsaya da ƙafarta ne idan akwai masu niƙa, walda da ƙanƙara da ke shan wuta da rana, ba masu ƙwai biyu da dare kawai ba.

A garuruwa da yawa za ku ga jerin fitilun titi na sola da rijiyoyin burtsatse da suka yi shekara ɗaya ko biyu suka mutu. Sau da yawa farantin lafiyarsa lau. Batir ne ya ƙare, ko kwantirola ta ƙone, ko waya ta tsinke, kuma ba a ajiye ko sisi don gyara ba, ba a kuma koya wa kowa a garin ba. Duk unguwar da aka kawo wa irin wannan aiki, tun ranar buɗewa ta tambayi ɗan kwangila inda ake samun kayan gyara, ta naɗa mai goge faranti, ta buɗe asusun da masu ɗiban ruwa za su riƙa jefa wani abu. Matashin da ya koyi haɗa sola da auna batir a yau ya sami sana'ar da ake nema har ƙauye.

Aikin gida

1. Ku rubuta duk abin da gidanku ya kashe a kan itace, gawayi, gas, kananzir, fetur, batirin tocila da cajin waya cikin mako ɗaya. Ku tambayi mai girki, kada ku ƙiyasta mata. Ku ninka da 52. Wanne ya fi cin kuɗi?

2. Ku duba lambar wat a jikin kayan wuta uku, ku lissafa girman farantin da zai ɗauke su ta hanyar da muka bi a sama.

3. Injin markaɗe yana shan lita 3 ta fetur kullum, kwana 6 a mako. Lita nawa yake sha a shekara, kuma kilo nawa na iskar kabon yake fitarwa?

4. Ku haɗu uku-uku ku nemo fitilar titi ko rijiyar sola da ta daina aiki a yankinku. Ku binciko abin da ya lalace, nawa ne kuɗin gyaransa, da wanda ya kamata ya biya. Ku zo da amsar aji na gaba.